Ko Kun Sani?

Ruwan damina da ke kwaranya daga gonakin Nasarawa Burkullu, Anka da Gummi yana bin gulaben Zamfara da Ka zuwa gulbin Sakkwato, daga nan ya faɗa kogin Kwara. Ƙasashe tara ke kula da wannan kogi tare: Najeriya, Nijar, Mali, Gini, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Kamaru da Chadi. Sun kafa hukumar haɗin gwiwa a 1964, suka sabunta ta a 1980, hedikwatarta na Yamai. Yarjejeniyar ruwa ta 2008 ta wajabta wa kowace ƙasa sanar da sauran kafin ta gina babbar madatsa, domin na gangare kada ya rasa ruwan noma da kamun kifi.