Bafarisiye da Mai Karɓar Haraji: Darasin Tawali'u Daga Kalakla

 Wannan shi ne taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na sanin addinin maƙwabci. Mun rubuta shi domin wanda rediyonsa bai kama ba a ranar, ko kuwa ya yi nisa da dabbobi. Yawancinmu Musulmi ne, amma da wuya ka sami bafataken da ya bi hanyar Adre zuwa Omdurman bai taɓa haɗa mota ko kwano da Kirista ba. Tambayar wannan mako ita ce: a koyarwar Kirista, da wace irin zuciya ake tsayawa gaban Allah? Domin mu amsa, bari mu leƙa Kalakla.

Kalakla unguwa ce babba a kudancin Khartoum, a gabashin Farin Nilu, kan hanyar Jabal Awliya. Wanda ya taɓa sauke kaya a kasuwar Laffa ya san ta. A lokacin yaƙin Kudu, daga 1983 zuwa 2005, ɗimbin mutanen Kudancin Sudan da na duwatsun Nuba sun gudo suka zauna a gefen birnin, da yawansu Kiristoci. Limaman Katolika na ƙungiyar Don Bosco sun daɗe suna kula da wata coci a Kalakla, wadda akasarin mabiyanta irin waɗannan 'yan gudun hijira ne. Bayan Kudu ta sami 'yancin kai ranar 9 ga Yuli 2011 wasu sun koma gida, wasu sun zauna. Sai ga yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ya watsa Musulmi da Kirista baki ɗaya. Tun da sojoji suka sake karɓe Khartoum a watan Maris 2025 mutane suke ta komowa, kowa da labarinsa, kowa kuma da wanda yake zargi. A irin wannan hali ne wani tsohon misali na Linjila yake da abin faɗa.

Misalin mutum biyu

Yana cikin Bishara ta Luka, sura 18, aya 9 zuwa 14. Luka ya nuna cewa Yesu ya ba da shi ne saboda wasu da suka amince da adalcin kansu, suna raina sauran mutane. Ga yadda yake a taƙaice, da bakinmu.

Mutum biyu suka tafi Haikali a Urushalima yin addu'a. Na farko Bafarisiye ne. Ya miƙe ya yi wa Allah godiya a kan cewa shi ya fita daban da mazambata da mazinata, har ya haɗa da mutumin da ke tsaye can baya. Ya lissafa azuminsa na kwana biyu a kowane mako, da ushirin da yake fitarwa daga duk abin da ya samu. Na biyun mai karɓar haraji ne. Shi daga nesa ya tsaya, ya kasa ɗaga kai, yana dukan ƙirjinsa yana roƙon jinƙai, ya kira kansa mai zunubi. Yesu ya ce wannan na biyun ne ya koma gida karɓaɓɓe a wurin Allah.

To, don a ji nauyin maganar, sai an san ko su wane ne. Farisiyawa mutane ne da jama'a ke girmamawa saboda kiyaye Attaura. Azumin da shari'ar Musa ta wajabta na yini ɗaya ne a shekara, Ranar Kafara. Wannan mutum kuwa yana yin sama da kwana 100. Babu inda aka ce ya yi ƙarya a lissafinsa. Da a kasuwarmu yake, shi za a ba ajiya.

Mai karɓar haraji fa? Makiyayi, ka tuna labarin da kakanninka suke bayarwa na masu karɓar jangali, yadda ake kora shanu daji idan an ji suna tafe. Bafatake, ka tuna mutumin da ke bayan shinge, wanda ke karɓar abin da babu shi a takarda. A wancan zamani mutum yakan sayi ikon karɓar kuɗin fito daga hannun masu mulki, ya biya su nasu, duk abin da ya tatsa a kai kuma ribarsa ce. Ga shi yana yi wa mulkin Romawa aiki. Saboda haka ana yi masa kallon ɓarawo kuma maci amanar ƙasa. Waɗanda suka fara jin wannan misali ba su zaci za a ce shi ne karɓaɓɓe ba.

Ina laifin Bafarisiyen?

Malaman Kirista ba su ce laifinsa azumi ko ushiri ba ne. Su ma suna azumi, Kibɗawan Omdurman ma suna yin na Laraba da Juma'a kusan duk shekara. Abu uku suke nunawa.

Na farko shi ne abin da ya auna kansa da shi. Ɗan kasuwa ya san wannan. In ka gwada mudunka da lotsattsen mudun maƙwabcinka, kullum naka ne zai fito cikakke. Ba za ka san gaskiyarsa ba sai an gwada shi da mudun da kasuwa ta amince da shi. Bafarisiyen ya tsaya gaban Allah, amma ma'aunin da ya ɗauka shi ne mutumin da ya fi kowa baƙin jini a wurin. Da irin wannan awo ai kowa waliyyi ne, don ba a rasa wanda ka fi.

Na biyu, ku lura bai roƙi komai ba. Ya zo ne kamar mai bin bashi da takardarsa a hannu. Kiristoci kuwa sun yi imani cewa karɓuwa a wurin Allah kyauta ce, suna kiranta alheri, kuma ba a sayenta da yawan aiki. Manzo Bulus ya yi wannan bayani a wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, sura 2, ya ce an yi haka ne don kada kowa ya yi fahariya. Kyawawan ayyuka suna biyo baya a matsayin godiya, kamar yadda nono ke biyo bayan ciyawa da ruwa.

Na uku shi ne raini. Ya jawo wani mutum cikin addu'arsa don kawai ya taka shi. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan hali shi Kiristoci Hausawa ke kira adalcin kai, wato mutum ya zama shi ne alƙalin da ya wanke kansa.

Shi kuwa mai karɓar harajin, abin da ya kawo shi ne gaskiya game da kansa. Bai ambaci kowa ba, bai kawo uzurin cewa iyali ne suka sa shi ba. Abin da Kirista ke nufi da tawali'u ke nan.

Yadda ake ganinsa a ibada

Wanda ya taɓa leƙa cocin Katolika zai ga a farkon sujada jama'a suna furta cewa sun yi zunubi, suna dukan ƙirji kamar mutumin cikin misalin. A ranar Larabar Toka, farkon babban azuminsu na kwana 40, ana shafa wa kowa toka a goshi, attajiri da mai wanki, don a tuna masa daga ƙasa ya fito. Kibɗawa, waɗanda ke da tsohon zama a unguwar Masalma ta Omdurman, suna kai goshi ƙasa, kuma a addu'o'insu na yini suna maimaita roƙon jinƙai sau 41. A ranar Alhamis kafin Ista limami yakan durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa. Wasunku za su tuna ranar 11 ga Afrilu 2019, da marigayi Paparoma Francis, yana da shekara 82, ya durƙusa a fadar Vatican ya sumbaci ƙafafun Salva Kiir da Riek Machar yana roƙonsu kada su mai da ƙasarsu yaƙi.

Ga wani abin lura. Babbar cocin Katolika ta Khartoum, wadda ke kusa da bakin Shuɗin Nilu, sunan Matiyu gare ta. Matiyu kuwa ɗan kwastan ne. Yana zaune a rumfar karɓar kuɗi a Kafarnahum, garin da ke kusa da iyakar yankin Hirudus Antibas da na ɗan'uwansa Filibus, aka kira shi ya zama almajiri. Haka kuma Luka ya ce makiyaya da ke kwana a daji da garkensu ne suka fara jin labarin haihuwar Yesu, alhali mutanen gari ba su ɗauke su a bakin komai ba.

Kalakla ta yau

Yanzu mu koma kan abin da ya sa muka zaɓi wannan batu. Wanda ya koma Kalakla ya tarar an fasa gidansa, an kwashe har ƙofa da wayar lantarki. Maƙwabcinsa bai gudu ba, wataƙila don ba shi da kuɗin mota, ko yana da tsohuwa da ba ta iya tafiya. Sai tambaya ta taso a zuciya: yaya aka yi shi ya rayu? Da wa ya yi hulɗa? Wanda ya zauna shi ma yana da tasa: ku da kuka gudu kuka bar mu da yunwa, yau ku ne masu tsarki? Wannan zargi ba ƙaramin abu ba ne. An ba da rahotannin mutanen da suka rasa rayukansu a sassan Khartoum saboda an nuna su da yatsa an ce sun haɗa kai da abokan gaba.

Mu ma na bakin iyaka kada mu yi saurin wanke hannu. Kayan da aka wawashe a Khartoum ba su ɓace a iska ba. An baje su a kasuwanni, wasu sun tsallaka iyaka: motoci, firji, janareto, har da dabbobi. Wani ya saya da araha bai tambaya ba, wani ya yi dillanci ya karɓi la'ada, wani ya ɗauko a motarsa. Mai sauƙi ne mutum ya ce, ni dai ban ɗauki bindiga ba, ban fasa gidan kowa ba. Addu'ar Bafarisiyen ke nan, an sake mata riga.

Sai dai kada a fahimci misalin a karkace. Bai ce a bar mai laifi ya tafi ba, bai ce kotu ta daina aiki ba. Bai kuma ce dukan ƙirji ya wadatar ba. A sura ta gaba, ta 19, Luka ya kawo labarin wani shugaban masu karɓar haraji a Yariko, garin da ayarin fatake ke ratsawa. Sunansa Zakka, wasu na cewa Zakiyus. Da ya tuba, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ma'ana, in janareton da ke shagonka ka san daga gidan wani ya fito, tubarka tana farawa ne daga neman mai shi.

Tawali'u ba wulaƙanci ba ne

Wani makiyayi zai ce, mu da kullum ake takawa, a ce mu ƙara sunkuyar da kai? Kiristocin Sudan sukan amsa da labarin Bakhita. An haife ta a Darfur wajen 1869, aka sace ta tana yarinya, aka yi ta sayar da ita har ta kai Khartoum, inda ƙaramin jakadan Italiya ya saye ta, daga baya aka tafi da ita ƙasarsu. An san ta da sanyin hali da yafe wa waɗanda suka azabtar da ita. Amma a 1889, da uwargijiyarta ta so mai da ita Sudan, Bakhita ta ƙi, ta tsaya kan bakanta har hukuma ta tabbatar cewa ita 'ya ce. Ta rasu a 1947, cocin Katolika ta sanya ta cikin waliyyai a shekara ta 2000. Ta ƙasƙantar da kanta gaban Allah, ba ta kuwa yarda mutum ya mallake ta ba. Dama durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Akwai tarko na ƙarshe, wanda masu wa'azi ke yawan gargaɗi a kai. Mutum ya ji wannan misali ya ce a ransa, alhamdu lillahi ni ba irin Bafarisiyen nan ba ne. Da faɗin haka ya koma wurin da Bafarisiyen ya tsaya. Haka wanda ya saurari shirin nan yana lissafa waɗanda ya kamata su ji shi a rugarsu ko a layin shagonsu.

Masu sauraronmu Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan magana. Malamanmu sun daɗe suna jan kunne a kan riya da jiji da kai, suna tuna mana cewa girman kai ne ya fitar da Iblis daga rahama. Akwai bambance-bambance na gaske tsakanin addinan biyu, ba mu ɓoye su ba, amma a kan wannan hali gargaɗin ya zo kusa da juna.

A mako mai zuwa za mu ɗauko batun amana da ajiya, musamman dabbobi da kayan da mutane suka bari a hannun maƙwabta lokacin gudu. Wanda ke da tambaya ko abin da ya gani da idonsa, ya aiko mana ta hannun wakilanmu na kasuwanni. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya ba Sudan zaman lafiya. Mu kwana nan.