Aidin Daga Ciyawar Teku

Aidin nan da ake shafa wa miki a asibiti, cikin toka aka fara samunsa. A shekarar 1811 wani Bafaranshe, Barnad Kurtuwa, mai sana'ar haɗa kayan albarushi, ya zuba asid a ruwan tokar ciyawar teku, sai ga hayaƙi mai launin shunayya ya tashi. Aidin ke nan.

Ga yadda 'yan makaranta ke fid da shi. A shanya ciyawar, a ƙone ta ƙurmus. A dafa tokar da ruwa, a tace, kamar yadda mata ke tsiyayar tokar miya. Sa'an nan malami ya ɗiga asid kaɗan, da haidurojin, watau ruwan nan mai kumfa na wankin miki. Sai ruwan ya koma ja-ja. A ɗiga masa sitaci. In ya rine kamar baba, to, aidin ya fito. Kada a shaƙa, kada a ɗanɗana.

Jikin mutum na bukatar aidin ɗan kaɗan. Rashinsa ne yawanci ke kawo maƙoƙo, yana kuma dakushe basirar yara. Mu da ke nesa da teku, sai mu riƙa sayen gishiri mai aidin.