Rawar da Malami Zai Taka Wajen Ceto Ɗalibin da Ke Tunanin Kashe Kansa

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu masu nazarin Hausa, aji za mu shiga bayan mun kammala karatu, ko dai a lokacin yi wa ƙasa hidima ko bayansa. A can za mu haɗu da matasa masu damuwar da ba su faɗa wa kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara. A ƙididdigarta ta 2021 kuwa, kashe kai shi ne na uku cikin abubuwan da suka fi halaka 'yan shekara 15 zuwa 29. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda malami zai gane ɗalibin da ke cikin haɗari, da kuma abin da ya kamata ya yi.

Alamomi

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Babbar alama ita ce sauyin hali. Ɗalibi mai fara'a sai ya janye jiki daga abokai, ya riƙa fashin makaranta, ƙoƙarinsa ya ragu. Wani zai ce ya gaji da duniya, ko ya zame wa iyayensa nauyi. Wani kuma zai rarraba kayan da yake ji da su tamkar mai ban kwana. Malamin harshe yana da dama ta musamman, domin sau da yawa abin da yaro ya kasa furtawa yakan fito a cikin insha'insa. A ƙara sa ido bayan fitowar sakamakon WAEC ko JAMB, ko rasuwa a gida, ko cin zarafi da tsangwama.

Abin da Malami Zai Yi

Na farko, ya keɓe da ɗalibin cikin natsuwa, ya tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Mutane da dama suna tsoron wannan tambaya, suna ganin za ta cusa wa yaro tunanin. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Tambayar takan ba shi damar amayar da abin da ke cinsa.

Na biyu, ya saurara, ban da faɗa ko gori. Cewa da shi ba shi da imani zai ƙara rufe masa baki ne kawai.

Na uku, kada ya yi alƙawarin rufe maganar. Ya sanar da shugaban makaranta da malamin ba da shawara da iyaye a ranar. Idan a gida matsalar take, sai a nemi wani babba amintacce.

Na huɗu, idan ɗalibin ya ce ya riga ya yi shiri, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da magunguna da duk abin da zai cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti nan take. Akwai asibitocin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Yaba da Aro da Inugu da Kaduna da Maiduguri.

Kammalawa

Malami ba likita ba ne, kuma ba a ce ya warkar da kowa ba. Aikinsa shi ne ya lura, ya tambaya, ya sada yaro da masana, sannan ya ci gaba da bibiyar halinsa bayan ya dawo aji. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kare mana ƙannenmu, amin.