SAKATA MAI AIKI DA INJI A GABAN TARAKTA

Taraktar da aka ɗaura wa hannuwan ɗaukar kaya a gaba takan yi aiki iri iri a yini guda: da safe ta kwashi taki da bokiti, da yamma a sauya mata ƙarafa masu yatsu ta ɗauki buhuna. Abin da ke riƙe bokitin shi ne ƙugiya ko leɓen ƙarfe daga sama, da sakata biyu daga ƙasa. Samfurin Amurka, wanda masu ƙera Bobcat suka fito da shi a farkon shekarun 1970, sakatunsa ƙasa suke nutsawa; na Turai kuwa a kwance suke shiga. A da, tilas direba ya sauko ya ja su da hannu duk sa'ad da zai sauya.

Ana iya ƙara na'urar da za ta tura sakatun direba yana zaune. Hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce ƙaramar sanda mai injin lantarki, wadda ke shan wutar volt 12 daga batirin tarakta, da fis da makunni. Sai dai ba ta shiri da ruwa da ƙura. Ɗaya hanyar kuwa ƙaramar silinda ce mai aiki da man haidirolik. Ita wannan tana bukatar tiyo biyu da za a bi da su jikin hannuwan, a ɗaure inda ba za su matse ba in an ɗaga ko an sauke, da bawul mai karkato mai daga layin da ke juya bokiti. Lalle a sa mata bawul ɗin da ke hana mai komawa baya, domin ko tiyo ya fashe sakata ta tsaya a wurinta. Makunnin kuma ya zama mai murfi, wanda gwiwa ko hannun riga ba za su taɓa shi bisa kuskure ba.

Kafin makanike ya kwance ko da noti guda, a sauke hannuwan ƙasa, a kashe inji, a motsa liba gaba da baya har ƙarfin mai ya fita. Ƙarfin nan ya kusa ninki 100 na iskar tayar mota. Kada a laluba yoyo da yatsa, sai da kwali, gama man yana huda fata, kuma wanda ya huda sai asibiti nan take, ko da raunin bai fi tsinin allura ba.

Amma fa ga inda haɗarin yake. Mai jan sakata da hannu yana ji a jikinsa in ba ta shiga ba; mai danna makunni ba ya ji. Busasshiyar laka ko tsakuwa guda a cikin rami ta isa ta tare sakata, bokitin ya rataya a ƙugiya kawai, sai an ɗaga shi sama ya sulluɓe kan wanda ke ƙasa. Saboda haka bayan kowace sauyawa direba ya dubi alamar kulle, sa'an nan ya danna bakin bokitin a ƙasa ya ja da baya kaɗan. In ya motsa daga mazauninsa, bai kullu ba. A riƙa share ramukan ana sa wa sakatun giris, musamman da hunturu sa'ad da ƙura ta yi yawa.