Gargaɗi ga masu shirin tafiya Ingila neman digirin digirgir

Wannan kira ne ga matasan malamanmu na jami'o'i da kwalejoji, da duk wanda takardar gurbin karatun digiri na uku ta zo masa daga Ingila. Kada ka sayar da fili, kada ka ajiye aiki, kada ka ci bashi, sai ka tabbatar da wanda zai biya kuɗin karatunka har ƙarshe, ka kuma san malamin da zai duba aikinka. Takardar gurbi izinin shiga ce kawai, ba alkawarin kuɗi ba ce.

Mu fara da kuɗi, domin nan aka fi faɗawa rami. Sau da yawa tallar gurbi takan ce akwai cikakken tallafi, amma idan ka karanta da kyau sai ka tarar kuɗin makarantar da za a biya na ɗan ƙasa ne. A zangon 2025/26 hukumar UKRI, babbar hukumar gwamnati mai ɗaukar nauyin bincike a Birtaniya, tana biyan fam 5,006 a matsayin kuɗin makaranta, alhali abin da ake caza wa baƙo yakan kai fam 20,000 ko fiye a shekara, musamman a fannin kimiyya. Wasu jami'o'in suna yafe ragowar, wasu kuma kai za su bi. Ka nemi a rubuta maka ƙarara wa zai cike wannan giɓi. Amsar baki ba ta isa ba. Ka kuma sani cewa kashi 30 cikin 100 kaɗai na guraben UKRI ake iya bai wa baƙi.

Alawus ɗin da hukumar ta ware wa zangon 2025/26 fam 20,780 ne a shekara, wato kimanin fam 1,730 a wata, da ɗan ƙari ga mazauna Landan. In ka juya shi zuwa naira zai yi maka kama da dukiya, amma ba a Kano za ka kashe shi ba. Hayar ɗaki ɗaya a gidan haɗaka a Landan takan cinye kusan rabinsa, ga wuta da ɗumama ɗaki lokacin hunturu, ga kuɗin mota da abinci. Tun kafin ka taka jirgi ma akwai kuɗin biza, da kuɗin lafiya na fam 776 a kowace shekara, wanda ake biya gaba ɗaya tun farko. Ɗalibin digirgir yana cikin waɗanda har yanzu aka yarje wa tafiya da iyali bayan dokar Janairun 2024 da ta hana yawancin ɗalibai yin hakan, sai dai kowane kai da nasa lissafin. Magidanci mai mata da 'ya'ya biyu, a karatun shekara huɗu, zai zube fiye da fam 12,000 a kuɗin lafiya kaɗai. Wanda yake cewa zai yi aiki ya cike, ya tuna biza ba ta ba shi damar wuce awa 20 a mako ba, kuma bincike ba ya barin wa mutum ƙarfin da yake zato.

Wanda ya dogara da kuɗin gida ya fi kowa shiga haɗari. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A watan Mayun 2024 duniya ta ji labarin ɗalibai 'yan Najeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar da karatunsu, aka umarce su da barin ƙasar, saboda abin da suka tara ya narke sun kasa biya a kan lokaci. TETFund kuma ta dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga Janairun 2025. Saboda haka kada wani ya ce maka ka tafi, za a turo daga baya.

Batun malami mai duba aiki kuwa, a ganina, ya fi na kuɗi nauyi, amma shi aka fi yi wa sakaci. Mutanenmu sukan duba sunan jami'a su manta cewa ba jami'a ce za ta karanta kundinsu ba, mutum ɗaya ne ko biyu. Shi zai ce aikinka ya isa ko bai isa ba. A jami'o'i da dama akwai tantancewa wajen ƙarshen shekarar farko, kuma wanda bai tsallake ba ana iya mayar da shi kan ƙaramin digiri na MPhil, ko a sallame shi. Idan jami'a ta janye sunanka, yawanci kwana 60 ake ba ka ka sami wata mafita ko ka tattara kayanka. Malamin da ba ya amsa wasiƙa wata biyu zai ci maka shekara, tallafi kuma yakan ƙare a shekara uku da rabi ko huɗu, ko ka gama ko ba ka gama ba.

Don haka ka yi magana da shi ido da ido ta intanet kafin ka amsa tayin. Ka tambaye shi ɗalibai nawa ke hannunsa yanzu, nawa suka kammala, kuma cikin shekara nawa. Ka tambayi sau nawa za ku riƙa zama a wata, ko yana shirin ritaya ko sauya jami'a, da kuma wanda zai riƙe ka idan ya tafi. Wannan ba rashin kunya ba ne, a can malamai sun saba da irin waɗannan tambayoyi, kuma wanda ya ɓata rai saboda su ya riga ya nuna maka halinsa. Sannan ka nemi tsofaffin ɗalibansa, musamman baƙi, ka ji ta bakinsu a keɓe. Sunayensu na nan a muƙalun da suka wallafa tare da shi.

A guji dillalan da ke karɓar kuɗi da alkawarin samo gurbi da tallafi. Neman gurbin digirgir tsakaninka da jami'a ne kai tsaye, tallafin Commonwealth kuma ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya ake nemansa a Najeriya. Iyaye da 'yan'uwa masu haɗa gudunmawa, ku nemi ganin takardar tallafin da idonku, mai ɗauke da adadin kuɗi da yawan shekaru. Idan lissafin bai cika ba, a rubuta wa jami'ar a nemi ɗage shiga zuwa zango na gaba.