Korfbal: yadda ɗan koyo zai tsaya gaban wanda ya fi shi

Ƴan uwanmu da ke zaune Holan da Beljiyam sun san wani wasa da ake ce ma korfbal, wanda yara da manya ke yi a ƙungiyoyin unguwa. Yau za mu duba abin da ke damun sabon ɗan wasa in aka haɗa shi da gwanaye: gaba ya faɗi, hannu ya kama rawa tun ba a busa usur ba.

Wani malamin makaranta, Nico Broekhuysen, shi ya ƙirƙiro wasan a Amsadam a 1902. Kowane ɓangare mutum takwas ne, maza huɗu mata huɗu. Ana jefa ƙwallo cikin kwando marar gindi, bisa sanda mai tsawon mita 3 da rabi. Ba a gudu da ƙwallo a hannu, sai dai a miƙa ma abokin wasa. Namiji ke tsaron namiji, mace ta tsare mace.

To, ina ɗan koyo zai samo ƙarfin zuciya? Daga dokokin wasan kansu.

Na farko, in mai tsaro ya matso har hannunsa zai iya kai ga mai ƙwallo, yana fuskantarsa, yana tsakaninsa da sandar, ya ɗaga hannu don tarewa, to mai ƙwallo ba shi da izinin jefawa. Ko ya jefa ta shiga, ba a ƙirgawa. Ke nan gajere mai saurin ƙafa yana iya hana dogo sakat. Aikinsa kawai kar ya bari a ba shi rata.

Na biyu, fili kashi biyu ne, kuma duk lokacin da aka ci ƙwallo biyu, ko wane ne ya ci, masu tsaro su koma kai hari, masu hari su dawo tsaro. Wanda aka ci ta wurinsa ba zai daɗe yana jin kunya ba, yanzu-yanzu shi ma zai samu damar ramawa.

Na uku, tunda ba mai ɗaukar ƙwallo shi kaɗai ya ratsa fili, gwani ma sai da abokansa. Shi ya sa muke ba ɗan koyo shawara ya daina kallon allon maki, ya ƙirga abin da ke hannunsa: sau nawa ya miƙa ƙwallo ta isa, sau nawa ya cafke wadda ta faɗo daga kwando, sau nawa ya hana abokin karawarsa jifa. In jiya uku ne yau biyar, an ci gaba, ko da an sha kashi.

Kuma babba ma yana faɗuwa. Tun da aka fara gasar duniya a 1978, Holan ce ke ɗaukar kofi, amma a 1991 Beljiyam ta kayar da ita.

Hausawa sun ce faɗuwar gaba asarar namiji. A wannan wasa, asarar mace ce ita ma. Iyaye da ke can waje, in yaro ya dawo gida an lallasa su, kar ku fara da tambayar nawa aka ci. Ku tambaye shi me ya iya yau wanda bai iya ba makon jiya. Allah shi ba da sa'a.