Wa Ke da Ikon Nuna Bakin Kogo?

Duk wanda ya tashi daga Batsari ya nufi Ruma, ya ga duwatsun da garin ya jingina da su, zai fahimci dalilin da ya sa a ƙarni na 19, sa'ad da mayaƙan Maraɗi ke kawo hari ƙasar Katsina, wannan gari ya zama garkuwa ta fuskar yamma. Domin kuwa dutse da kogon cikinsa suna amfanin mai neman mafaka ne muddin abokin gaba bai san mashigarsu ba. Ko Ashabul Kahfi ma, da suka aiki ɗayansu birni sayen abinci, sai da suka gargaɗe shi kada ya sanar da kowa.

Yau kuwa baƙo kan tsaya bakin kogo da wayar hannu, ya ɗauki hoto, wayar ta ƙayyade ainihin wurin, kafin la'asar ya watsa a intanet, alhali mai gonar da aka ratsa, da mai unguwa, da dagaci, balle Sarkin Ruma, babu wanda aka yi wa sallama. Hujjarsa wai ilimi ba a ɓoye shi, kuma Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa ga gwamna. Amana dokar ta ba gwamna, ba ta halatta kutsawa gonar mutum ba; shari'a ta wajabta neman izini kafin shiga hurumin wani, fuƙaha'u kuma sun gabatar da tunkuɗe mafsada a kan jawo maslaha.

Mafsadar nan ba ta da wuyar gani ga mazauna bakin Dajin Rugu, daga Batsari har Runka ta ƙasar Safana, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a. Taswirar da ta nuna bakin kogo, da turbar da ke kaiwa can, da inda ruwa ke kwanciya cikin dutse da rani, ba ta tambayar mai karanta ta ko ɗalibi ne ko ɓarawon shanu. Mai wallafa ta yana birni, manomi ne zai kwana da sakamakon.

Turawa ma sun ɗanɗana illar bayyana kogo. Kogon Lasko na Faransa, wanda aka gano a 1940, dole aka rufe shi a 1963 saboda numfashin maziyarta ya soma ɓata zanen mutanen da. Amurka kuwa a 1988 ta yi dokar da ta sirranta wuraren muhimman kogunan da ke filayen gwamnatin tarayya. Saboda haka, mai bincike na iya zana taswirar cikin kogo bisa yardar masu wurin, ya wallafa siffarsa, hanyar zuwa kuwa ya ajiye ta wurin hakimi da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina.